Wace hanyar konbolushan zan bi? Amsa ga ƙanena mai aiki da hotunan gonakin Wadi Sirhan

Wani ƙanena da ke digiri na biyu a nan Jidda ya turo mini saƙo a makon jiya. Ga abin da ya ce a taƙaice: "Yaya, ina aiki da hotunan tauraron ɗan'adam Sentinel-2 na gonakin nan masu da'ira na Wadi Sirhan a arewacin Saudiyya. Ina so in lallausa hoton da kanel ɗin Gauss mai 31 sau 31, sannan in nemo da'irorin da wani kanel mai siffar faifai. Na sa convolve2d na SciPy, laburaren lissafi na Python, na je na yi la'asar na dawo bai gama ba. Abokina ya ce in koma fftconvolve. Ya yi sauri ƙwarai, amma gefen hoton ya yi duhu, wani hoton ma gaba ɗaya ya koma NaN, wato babu lamba ko ɗaya a cikinsa. Wanne ne daidai, wanne kuma ya fi sauri?"

Ƙanena, Allah ya yi wa karatu albarka. Ayyuka biyu ne a hannunka, kuma hanya ɗaya ba za ta ɗauke su duka ba. Kafin ka duba agogo, ka fara duba siffar kanel ɗinka da kuma abin da kake so ya faru a bakin hoton. Waɗannan biyun su ne za su zaɓa maka hanya.

Bari mu fara da ƙidaya, domin ita ce za ta nuna maka dalilin da ya sa ka dawo daga masallaci ka tarar da kwamfuta tana nishi. Konbolushan dai ɗan allo ne na lambobi, wato kanel, da ake ɗorawa a kan kowane ɗigo na hoto, a ninka lambobin allon da ɗigon da ke ƙarƙashinsu, a tara, a rubuta jimlar, sannan a matsa gaba ɗigo ɗaya. Falle ɗaya na Sentinel-2 a ma'aunin mita 10 yana da ɗigo 10,980 a tsaye, 10,980 a kwance. Jimla ɗigo miliyan 120 da 'yan kai. Kanel mai 31 sau 31 yana da gurbi 961. Ninka su ka gani: kusan ninki biliyan 116 a launi ɗaya na hoto ɗaya na rana ɗaya. Abin da convolve2d yake yi ke nan, ɗaya bayan ɗaya, ba ya neman gajeriyar hanya. Faifan naka kuwa ya fi haka tsada nesa ba kusa ba. Da'irorin Wadi Sirhan faɗinsu ya kai kusan kilomita ɗaya, ɗigo 100 ke nan, don haka kanel ɗin zai kai 101 sau 101, gurbi 10,201. Wannan ya haura ninki tiriliyan ɗaya. Da wannan ka fara, da jiranka ya fi haka tsawo ƙwarai.

To, aikin farko, na Gauss. A nan ko FFT, wato juyin Fourier mai sauri da fftconvolve yake aiki da shi, ba ka bukata, kuma ina so ka riƙe wannan sosai domin shi ne abin da ɗalibai suka fi tsallakewa. Kanel ɗin Gauss, wanda lambobinsa suka fi girma a tsakiya suna raguwa zuwa gefe, mai rabuwa ne. Ka taɓa kallon masaƙi? Zare na tsaye da zare na kwance su ne suke haɗuwa su ba da zane, kowane gurbi a jikin zanen mahaɗar zare biyu ne. Haka wasu kanel suke: kowace lamba a cikin allon, ninkin lamba ɗaya ce daga layin tsaye da lamba ɗaya daga layin kwance. Ɗauki kanel ɗin Sobel da ake nemo gefen abu da shi. Layin tsaye 1, 2, 1. Layin kwance 1, 0, -1. Ninka su: jeri na farko 1, 0, -1, na biyu 2, 0, -2, na uku 1, 0, -1. Allon Sobel ke nan cif. Tunda haka ne, sai ka bi hoton sau ɗaya a kwance da ɗan layin, ka sake binsa a tsaye da ɗayan, amsar ta fito iri ɗaya. A kanel mai 31, ninki 62 za ka yi wa kowane ɗigo maimakon 961. Aikin ya ragu sau 15 da rabi, daga biliyan 116 zuwa biliyan 7 da rabi, kuma ba ka sadaukar da daidaito ko kaɗan ba. Abin da gaussian_filter na scipy.ndimage yake yi ke nan, haka GaussianBlur da sepFilter2D na OpenCV. A MATLAB ma conv2 yana karɓar layuka biyu da hoto, ya yi wannan aikin.

Akwai ɗan tarko a nan. Idan ka gina kanel ɗinka da sigma 5 (sigma ita ce ma'aunin faɗin Gauss) ka yanke shi a 31, ka yanke a sigma uku ke nan kowane ɓangare. Shi kuwa gaussian_filter, in ba ka gaya masa komai ba, a sigma huɗu yake yankewa, faɗinsa ya zama 41. Za ka ga ɗan bambanci ka ɗauka wani ya yi kuskure. Sa truncate=3.0 za su haɗu.

In ka sami kanel ba ka san ko yana rabuwa ba, kada ka yi ta zura masa ido. Miƙa shi ga numpy.linalg.matrix_rank. In ya ce 1, yana rabuwa, kuma svd zai fito maka da layukan biyu. In ya ce 2 ko 3, har yanzu da riba, domin kana iya yin sa a matsayin jimlar kanel biyu ko uku masu rabuwa. Haka gaussian_laplace yake aiki. In kuma matsakaici kawai kake so, wato kanel da lambobinsa duk ɗaya ne, uniform_filter yana tafiya da jimla a hannu, ya ƙara ɗigon da ya shigo ya cire wanda ya fita, saboda haka faɗin 11 da faɗin 301 kusan kuɗinsu ɗaya. Har Gauss mai faɗi sosai akwai hanyar da Young da van Vliet suka fitar a 1995 wadda tsadarta ba ta bin girman sigma, sai dai kusantawa take yi, ba ta ba da amsar cif ba. Kai ba ka kai nan ba tukuna.

Yanzu faifan. Faifai ba ya rabuwa. Layin tsaye da na kwance murabba'i suke haifarwa, ba sa haifar da da'ira. A nan abokinka ya yi gaskiya, FFT ita ce hanya. Tushenta wata ƙa'ida ce ta lissafi: idan ka juya hoto da kanel zuwa igiyoyin Fourier, konbolushan sai ya koma ninki na gurbi da gurbi kawai, daga nan ka juyo da amsar. Juyin ne ke da tsada, kuma Cooley da Tukey su ne suka bazu da hanyar yin sa cikin sauri a 1965, ko da yake Gauss ɗin nan dai ya riga ya gano ta tun wajen 1805. Abin da ya sa take da daraja shi ne tsadarta tana bin girman hoton, girman kanel kuwa kusan bai dame ta ba. Faifai mai 101 da mai 301 kuɗin mota ɗaya za su biya.

Ka ɗauke ta kamar jirgin ƙasan Haramain. Sai ka je tasha, ka yanki tikiti, ka bi layi, ka jira. In Madina za ka, duk wannan ba komai ba ne a kan abin da za ka samu. In kuwa bakala za ka, wato ɗan shagon unguwa, a bayan gida, ƙafarka ta fi. Kanel mai 3 sau 3 ninki 9 ne kacal, tafiyar bakala ce, hanyar kai tsaye ta fi masa. Inda layin yake tsakanin ƙarami da babba ya danganta da kwamfutarka da laburaren da kake amfani da shi. OpenCV, alal misali, ya rubuta a bayanin filter2D cewa yana komawa hanyar Fourier da kansa idan kanel ya kai wajen 11 sau 11. A SciPy kuma scipy.signal.convolve yana zaɓa maka, kuma choose_conv_method da measure=True zai gwada hanyoyin biyu a kan bayananka ya faɗa maka wadda ta ci.

Sai mu zo kan duhun gefe, wanda a wurina ya fi batun sauri muhimmanci. Lokacin da kanel ya iso bakin hoto, rabinsa yana rataye a waje inda babu komai. Dole a cika wurin da wani abu, kuma kowane laburare da nasa zaɓin. Shi fftconvolve sifili yake zubawa, ba shi da wani zaɓi. Bari mu ƙirga da kanel na matsakaici mai 31 don lissafin ya yi sauƙi. Ka ce rairayin da ke bakin hotonka darajarsa 3000. Ɗigon da ke baki, layuka 16 cikin 31 ne suke kan rairayi, 15 suna kan sifili. Amsa: 1548. A kusurwa kuwa gurbi 256 cikin 961, amsa 799. Rairayi mai haske ya koma duhu a faɗin ɗigo 15, mita 150 ke nan a ƙasa, zagaye da hoton duka. Convolve2d ma sifilin yake zubawa in ba ka canza boundary ba. Da ka bar shi ya gama, da wannan duhun za ka gani. Saboda haka laifin ba na FFT ba ne a karan kanta.

Na taɓa ganin abin da wannan yake jawowa. A wani ɗakin bincike da na yi aiki, mun haɗa fallaye da yawa bayan an lallausa kowanne shi kaɗai. Taswirar ta fito da wasu siraran layuka masu duhu, miƙaƙƙu kamar an ja su da rula. Wani abokin aiki ya kwana biyu yana neman bayaninsu a yanayin ƙasa, har ya fara tunanin tsohuwar hanyar ruwa ce. Ranar da muka ɗora iyakokin fallayen a kan taswirar, layukan suka zauna a kansu daram. Ya yi shiru ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur. Har yau ina jin zafin kwanakin nan nasa, domin mutum ne mai himma, kuma kalma ɗaya a cikin lambar shirin ce ta ci masa su.

Maganin shi ne ka yi cikon da kanka. Ƙara wa hoton gefe da numpy.pad, faɗin rabin kanel kowane ɓangare, 50 ke nan ga faifanka, sannan ka kira fftconvolve da mode='valid'. Amsar za ta dawo daidai girman hoton asali. Amma ka kula da sunaye, domin a nan ma akwai rikici. Idan jerinka ya fara da a, b, c, d, akwai madubi iri biyu. Ɗaya yana maimaita ɗigon baki: d, c, b, a, sannan a, b, c, d. Ɗayan ba ya maimaitawa: d, c, b, sannan a, b, c, d. Na farkon, ndimage yana kiransa reflect, kuma shi ne zaɓinsa na asali, numpy.pad yana kiransa symmetric. Convolve2d yana kiransa symm. Na biyun, ndimage yana kiransa mirror, numpy.pad kuma yana kiransa reflect, kuma shi ne zaɓin asali na OpenCV. Ka ga kalmar reflect ɗaya, ma'ana biyu, a laburare biyu da kake shigo da su a saman fayil ɗaya. In kuma wata rana ka ce za ka rubuta naka da fft2 kai tsaye ba tare da ciko ba, ka sani Fourier yana ɗaukar hoto kamar tabarmar da aka naɗe, bakin dama yana taɓa na hagu, sai gonar gabas ta ɓullo a yamma.

Batun NaN kuwa, dalilinsa a fili yake da zarar ka fahimci yadda juyin yake. Kowace igiya ta Fourier ana gina ta ne daga dukan ɗigon hoton. NaN kuma duk abin da ya taɓa sai ya mai da shi NaN. Ɗigo ɗaya tak ya isa ya ɓata miliyan 120, kamar ɗigon kananzir a tulun ruwa. A hanyar kai tsaye ɓarnar tana tsayawa a faɗin kanel. Hoton naka da ya lalace, ina kyautata zaton daga bakin zangon tauraron yake, inda wani yanki na fallen babu bayani, ko kuma ka rufe gajimare da NaN. Kada ka mai da su sifili ka wuce, domin duhun gefen nan ne zai dawo maka a tsakiyar hoto. Yi haka: mai da NaN sifili ka yi konbolushan. Ka gina wani hoto mai 1 inda akwai bayani, 0 inda babu, shi ma ka yi masa da kanel ɗin. Sai ka raba na farko da na biyu. Kowane ɗigo ya zama matsakaicin maƙwabtansa na gaskiya kaɗai. Knutsson da Westin sun bayyana wannan dabara a 1993, kuma masu nazarin taurari sun daɗe da ita. Convolve da convolve_fft na Astropy suna yin irinta da kansu. Tana aiki ga kanel mai lambobi marasa ragi irin Gauss da faifai. Wani daɗinta kuma, tana gyara duhun gefe a tafiya ɗaya, ko ba ka yi madubi ba.

Sai dai wajen rabawar ka yi hattara. FFT ba ta ba da sifili tsantsa. Inda ya kamata a ga 0, za ka ga 'yar mitsitsiyar lamba, wani lokaci ma da alamar ragi, domin kuskuren zagaye lamba yana bazuwa ko'ina gwargwadon lamba mafi girma a hoton. Raba mitsitsi da mitsitsi yana iya ba ka ko wace irin lamba. Sa iyaka: duk inda hoton na biyu ya gaza, ka ce, kashi ɗaya cikin goma na jimlar kanel, mai da wurin NaN. Nawa ne iyakar, kai za ka yanke bisa ga aikinka, amma ka rubuta ta a cikin kundinka.

Abu biyu kuma da ba ka tambaya ba amma suna gabanka. Hotunan Sentinel-2 suna zuwa a uint16, lambobi cikakku marasa ragi. Ndimage yana mayar maka da amsa a irin nau'in da ka ba shi, ya yar da ɓarɓashin lissafi, in kuma amsar ta zo da ragi kamar ta Sobel, ta lalace ba tare da ya yi maka ko tari ba. Juya hoton zuwa float32, nau'in lamba mai ɗaukar ɓarɓashi da ragi, tun a layin farko. Na biyu, konbolushan na gaskiya yana kifar da kanel kafin ya ɗora, korileshan ba ya kifarwa. Gwada da jeri 10, 10, 10, 50, 50 da kanel 1, 0, -1. A ɗigo na uku, konbolushan zai ba ka 40, korileshan ya ba ka -40. Filter2D na OpenCV korileshan yake yi, haka imfilter na MATLAB in ba ka ce masa 'conv' ba, haka conv2d na PyTorch duk da sunansa. Gauss da faifai ko an kifar da su suna nan yadda suke, shi ya sa abin bai cije ka ba tukuna. Ranar da ka shiga neman gangare ko gefen gona, zai fito. Kanel ɗinka kuma ya riƙa zama mai faɗin mara, 31 ko 101, don ya sami tsakiya. Mai faɗin cika yana gusar da hoto rabin ɗigo, kuma laburarorin ba su daidaita a kan wane ɓangare ba.

Saura ma'ajiya. Fallenka a float64, wanda ya ninka float32 cin wuri, megabait 964 ne. FFT tana buƙatar juyin hoton, da juyin kanel wanda aka cika shi ya kai girman hoton, da ninkinsu, da amsar, kowanne kusan wannan girman. Gigabait huɗu ko fiye sun tafi a launi ɗaya. A laftof mai gigabait 8, da burauza a buɗe, nan take za ta fara jan ƙafa. Float32 yana raba wannan biyu, muddin kanel ɗin ma float32 ne. In ka bar shi a float64 zai ja ninkin ya koma babba. Akwai kuma oaconvolve, wanda ya shigo SciPy a sigar 1.4 a ƙarshen 2019. Yana yanka hoton gunduwa-gunduwa, ya yi wa kowace FFT ƙarama, ya tara inda suka haɗu. An yi shi ne domin irin halin da kake ciki, hoto ƙato da kanel matsakaici, don haka ka gwada shi kafaɗa da kafaɗa da fftconvolve. In ma'ajiyar ta ƙi duk da haka, yanka da kanka ko ka sa map_overlap na Dask, ka bar kowace gunduwa ta shiga maƙwabciyarta da ɗigo 50, ka yanke rarar bayan an gama.

Na san za ka ce GPU fa, wato katin hoto na kwamfuta mai yin lissafi da yawa a lokaci ɗaya. CuPy yana da kwatankwacin yawancin waɗannan ayyuka a cupyx.scipy, kuma in hotunanka sun kai ɗaruruwa zai yi maka rana, musamman in ka bar bayanan a kan katin har ka gama duk matakan, domin kai da kawowa ma yana cin lokaci. Amma ni ban yarda ɗalibi ya je can ba sai ya gyara lissafinsa. Ko an ba ka wuri a Shaheen, babbar kwamfutar jami'ar KAUST da ke Thuwal, ninki 961 inda 62 ya isa asarar lokacin wani ne da ke jiran layi.

Ga abin da nake so ka yi kafin mu haɗu. Yanko ɗigo 2000 sau 2000 daga kusurwar hotonka, kusurwa nake so ba tsakiya ba, kuma a sami ramin NaN a ciki. Yi Gauss ɗin da convolve2d da boundary='symm' sau ɗaya, ka ajiye shi ya zama ma'auninka. Sake yin sa da gaussian_filter, sannan da fftconvolve bayan ciko, dukansu a kan hoton da ka riga ka cike ramukansa. Auna lokacin kowanne sau uku, ka yar da na farko. Kada ka tsaya a numpy.allclose kawai, cire kowace amsa daga ma'aunin ka zana bambancin a matsayin hoto. In ka ga firam a gefe, cikonku ne bai zo ɗaya ba. In ka ga inuwa a gefe ɗaya na kowace gona, an gusa da ɗigo. In ka ga yayyafi mara siffa mai ƙanƙanta ƙwarai, wannan kuskuren zagaye ne, ba komai. Turo mini hotunan bambancin guda biyu da lokutan, in sha Allahu ranar Juma'a bayan la'asar ka biyo gida da laftof ɗin mu duba faifan tare, domin ina zargin zobe zai fi faifai kama bakin da'irorin nan, musamman waɗanda aka girbe rabinsu.